Yadda za ku karanta labarin 'yan matan gidan Bennet ku fahimce shi

Wasu ɗaliban Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da suka tashi da Faransanci sukan ɗauki littafin Pride and Prejudice na Jane Austen don gyara Turancinsu, su ajiye shi tun kafin babi na 10. Yawanci abin da ke kayar da su rashin sanin dokar gado da lissafin kuɗin da labarin ya tsaya a kai ne.

Littafin ya fito a Ingila a 1813, babi 61 cikin juzu'i uku: 1 zuwa 23, 24 zuwa 42, 43 zuwa 61. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku ɗauki babi shida a mako, cikin mako goma sha ɗaya kun kammala. Ku riƙe fassarar Faransanci, Orgueil et Préjugés, a gefe, amma sai an gama babin da Turanci a duba ta.

Kafin zaman farko ku rubuta lissafin nan a takarda. Mista Bennet na samun fam 2,000 a shekara daga gidansa da gonakinsa na Longbourn. 'Ya'yansa biyar duk mata ne, dukiyar kuwa an ɗaure ta tun da cewa namiji kaɗai zai gada. Ranar da ya rasu, komai ya koma hannun wani ɗan'uwansa, Mista Collins. Abin da zai rage wa uwa da 'ya'ya fam 5,000 ne kacal. A nan mai karatu na wajenmu ke ruɗewa, don a rabon Musulunci 'ya'ya matan nan suna da kashi biyu bisa uku, matar kuma tana da sumuni. In kun aza musu namu tsarin, za ku ɗauki uwar 'yan matan mai kwaɗayi ce kawai. Tana da surutu da wauta, gaskiya ne, amma tsoronta na a kore su daga gida yana da tushe. Ku kuma tuna cewa a can, a wancan zamani, mace ce ke shiga aure da dukiya, ta zama ta miji. Sai a 1870 da 1882 dokokin Ingila suka ba matar aure ikon riƙe nata.

Sunaye ma suna rikitarwa. Miss Bennet babbar 'ya ake nufi, wato Jane, sai in ba ta wurin ake kiran Elizabeth, mai bi mata kuma tauraruwar labarin, haka. Lizzy da Eliza duk Elizabeth ce. Ku zana bishiyar zumunta ta gidaje huɗu, Bennet da Bingley da Darcy da Lucas, ku riƙa ƙarawa.

Wurare huɗu ku dakata ku tattauna sosai. Babi na 19, inda Elizabeth ta ƙi auren Collins duk da shi ne magajin gidansu. Babi na 22, inda ƙawarta Charlotte, mai shekara 27 kuma ba dukiya, ta amsa masa. Kada ku yi saurin yanke mata hukunci, ku fara tambayar wace hanya ta rage mata. Sai 34 zuwa 36: Darcy, wani attajiri mai fam 10,000 a shekara, ya nemi Elizabeth cikin girman kai, ta ƙi, ya rubuta mata wasiƙa. A karanta wasiƙar sau biyu da babbar murya, domin a nan labarin ya juya. Na ƙarshe babi na 46, da autarsu Lydia ta gudu da wani soja mai suna Wickham, abin kunyar da ya kusa hana sauran yayyenta aure.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kowace magana a zahirinta. Marubuciyar gwanar habaici ce, Mista Bennet kuma kusan duk abin da yake faɗa wa matarsa gatse ne. In jimla ta yi kamar tana yabon wani fiye da kima, a tsaya a duba abin da mutumin ya aikata a shafin da ya gabata.