Yadda ake bin diddigin sunan dangi a Ailan

Mutanen Ailan suna cikin na farko a Turai da suka fara gadon sunan dangi, tun wajen ƙarni na 10, don haka mai son gano asalin irin wannan suna sai ya fara da mayar da shi siffarsa ta harshen ƙasar, domin yawancin sunayen da ake gani yau an tanƙwara su ne zuwa lafazin Ingilishi. A farkon suna, Ó na nufin jika ko zuriya, Mac na nufin ɗa, shi kuwa Fitz, wanda shi ma ɗa yake nufi, ya shigo ne tare da Normawa, mayaƙa masu asali daga arewacin Faransa, da suka sauka tsibirin a 1169. O'Brien, alal misali, asalinsa Ó Briain ne, wato zuriyar Brian Boru na yankin Clare, wanda ya zama babban sarkin Ailan, aka kuma kashe shi a yaƙin Clontarf a 1014.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu, domin suna ɗaya ba ya nufin tsatso ɗaya. Murphy, wanda ya fi kowane suna yawa a ƙasar, ya taso ne daga gidaje dabam-dabam da ba su haɗa kaka ba, a Wexford da Cork da wasu wuraren. Wani Smith ɗin kuma ba Bature ɗan Ingila ba ne, Mac Gabhann ne da aka juya sunansa. Gidaje da dama sun yar da Ó ko Mac a zamanin mulkin Ingila, jikokinsu suka dawo da su daga ƙarshen ƙarni na 19, saboda haka a nemi Brien da Bryan tare da O'Brien, amma kada a haɗa da Byrne, wanda wani dangi ne na Wicklow.

Binciken gaskiya daga baya-bayan nan yake farawa, a riƙa komawa baya kaka bayan kaka. A tambayi dattawan gida gunduma da majami'a da ƙauyen da kakanni suka fito, daga nan a duba ƙidayar jama'a ta 1911 da ta 1901, waɗanda Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa ta sa a intanet kyauta. Kowace takarda tana nuna mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da shekarunsu da addininsu da sana'arsu da ko sun iya karatu, ta 1911 kuma har da tsawon aure da yawan 'ya'yan da ke raye. A yi hattara da shekarun: bayan dokar fanshon tsofaffi ta 1908, wadda ta tanadi kuɗi ga 'yan shekara 70, tsofaffi da yawa sun ƙaru da fiye da shekara goma tsakanin ƙidayoyin biyu.

Kafin 1901 aikin yana wuya, domin gobarar da ta cinye ofishin adana takardu na Dublin a yaƙin basasa na 1922 ta tafi da galibin ƙidayoyin 1821 zuwa 1851. Abin da ake dogaro da shi shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa da gwamnati ta soma wa kowa a 1864, da kundin kimanta filaye na Griffith na 1847 zuwa 1864, da littattafan baftisma na cocin Katolika, inda sau da yawa ake rubuta sunaye da Latin, William ya zama Gulielmus, James ya zama Jacobus.

Galibin gidajen talakawa sawunsu yana ɓacewa ne a farkon ƙarni na 19. Tambarin dangi da ake sayar wa baƙi a kantuna kuwa ba hujja ba ne, domin mutum ɗaya ake ba shi tare da magadansa, ba duk mai sunan ba.