Sayen Gida da Rancen Banki a Zariya: Yadda Ake Riƙe Kuɗi a Asusun Amana

Idan kun daidaita a kan gida, a Hanwa ne ko Tudun Wada, kada ka danƙa wa mai gida ko dillali kafin alƙalami hannu da hannu. Ka nemi bankin da zai ba ka rance ya buɗe asusun amana. Kuɗin zai zauna a can, kai ba ka da ikon janyewa, shi ma ba shi da ikon taɓawa, sai an cika sharuɗɗa.

A fara da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kai, mai sayarwa da banki. A sa farashi, abin da za ka zuba daga aljihunka, wa'adin kammalawa, da wanda za a mayar wa kuɗin in ciniki ya watse. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, shi kuma ke kai mutane kotu. Asusun ya ɗauki sunan cinikin, ba sunan wani mutum ba, ko da lauya ne.

Kuɗi na shiga, sai lauyanka ya yi bincike a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna: sunan wa ke kan takardar mallaka, an taɓa jinginar da ita, akwai bashin harajin ƙasa? Shaidar mai unguwa tana da amfani, amma banki ba ya karɓarta a madadin satifiket, wato takardar mallaka ta gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta wajabta amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da fili mai satifiket, saboda haka a sa wa'adi mai yalwa.

Gidan gado ne ya fi ba da wahala. Magaji ɗaya da ke karatu a waje, ko 'yar da aka aurar Kano ba a tuntuɓe ta ba, ya isa ya tsayar da komai bayan an biya. A nemi takardar rabon gado daga kotu, kowa ya sa hannu.

Kada a saki kuɗi sai asalin takardu sun shiga hannun banki, 'yan haya sun tashi, ka karɓi makullai. La'adar dillali ma ta jira wannan ranar.

Mai neman rancen NHF (Asusun Gidaje na Ƙasa), wanda ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, ya sani kuɗin FMBN, bankin rancen gidaje na tarayya da ke kula da asusun, yakan ɗauki watanni kafin ya fito. Ya faɗa wa mai gida tun kafin a sa hannu.