Yadda ake gina aiki a binciken tsufa da cututtukan ƙwaƙwalwa kafin lokaci ya ƙure maka

In kana son zama mai bincike a fannin tsufa, ko cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa irin su Alzheimer da Parkinson, abin da za ka fara zama ka lissafa shi ne lokaci. Cutar da za ka bibiya tafiyar hawainiya take yi, furotin ɗin amiloid yakan fara taruwa a ƙwaƙwalwar mutum shekara 15 zuwa 20 kafin iyalinsa ma su fara lura yana mantuwa, kai kuwa kuɗin da za a ba ka na digirin digirgir shekara 3 ne ko 4 a Turai, wajen 5 ko 6 a Amurka, kwantiragin fosdok kuma, wato aikin binciken da ake yi bayan digirgir, sau tari shekara 2 ko 3 ne ya ƙare. To ka ga inda matsalar take. Duk zaɓin da za ka yi, daga dabbar gwaji har malamin da za ka bi, da wannan awon za ka auna shi.

Batun digirin farko ba sai na ja ba, ƙofofin da yawa suke. Bayokemistiri, likitanci, harhaɗa magunguna, fisiyoloji, saikoloji, har lissafi da kwamfuta duk suna kai mutum. Abu biyu dai kar ka bari ka gama ba ka samu ba. Ɗaya, ka taɓa aiki da hannunka a ɗakin gwaji ko da na wata uku ne kyauta, don wasiƙar shaida daga wanda ya ga yadda kake aiki ta fi maki nauyi a wajen masu ɗaukar ɗalibai. Biyu, ka koyi ƙididdiga da ɗan rubutun R ko Python, harsunan ba kwamfuta umarni, ba don ado ba, yanzu kusan ba takardar da za ka karanta ba ka ci karo da su ba. In kana neman inda za ka fara karatu, akwai takardar da Carlos López-Otín da abokan aikinsa suka fitar a mujallar Cell a 2013, suka jera alamomin tsufa guda 9, a 2023 suka sabunta ta zuwa 12. Ba wahayi bace, mutane da yawa na sukarta, amma za ta nuna maka filin gaba ɗaya.

Yanzu ga inda ake yanke hukuncin da ɗalibai da yawa ba sa ma sanin hukunci ne: da wace halitta za ka yi aiki.

Tsutsar nan C. elegans sati 2 zuwa 3 take rayuwa, ƙwayoyin jijiya 302 kacal gare ta. Da ita Cynthia Kenyon ta nuna a 1993 cewa canji a ƙwayar gado ɗaya tak mai suna daf-2 yana ninka tsawon rayuwar tsutsar sau biyu, wanda shi ya sa mutane suka fara yarda cewa tsufa abu ne da ake iya taɓawa a ɗakin gwaji. Mai aiki da tsutsa zai yi gwajin tsawon rai ya ga sakamako a wata ɗaya, ya lalace ya sake, ya sake. Ƙudan Drosophila wata 2 zuwa 3. Akwai wani ɗan kifi, killifish, da ke yin wata 4 zuwa 6, yana da ƙashin baya kamar mu, shi ya sa ya fara farin jini. Ɓera kuwa shekara 2 zuwa 3, wato in ka ce za ka bi ɓeraye har su tsufa su mutu, gwaji ɗaya ya cinye maka kusan duk digirin, in kuma wata cuta ta shiga ɗakin ɓerayen a shekara ta biyu, shikenan. Ba ina cewa ka guji ɓera bane, manyan mujallu na son sa, kuma sakamakon maganin rapamycin na 2009 da ya ƙara wa ɓeraye tsawon rai a ɓera aka same shi. Amma in za ka yi, ka shiga ɗakin gwajin da tuni suna da tsofaffin ɓeraye a ajiye, sannan ka riƙe wani ƙaramin aiki mai sauri a gefe wanda zai ba ka takarda ko da babban ya ƙi.

Ka kuma sani ɓera ba ya kamuwa da Alzheimer da kansa. Dasa masa ƙwayoyin gadon mutane ake yi, na nau'in da ake gada a iyali, wanda kaso kaɗan ne ƙwarai na masu cutar, shi ya sa magunguna barkatai suka warkar da ɓera suka zo kan mutum suka faɗi. Wasu sai suka koma fasahar Shinya Yamanaka ta 2006, a ɗauki ƙwayar fata a mayar da ita ƙwayar asali, wadda za ta iya zama kowace irin ƙwayar jiki, sannan a yi jijiyar ƙwaƙwalwa da ita. Dabara ce mai kyau, amma tana da tarko ga mai nazarin tsufa, don mayarwar tana goge alamun shekaru, ƙwayar ɗan shekara 80 sai ta koma kamar ta jariri. Irin wannan tambayar ce in ka yi wa farfesa a intabiyu zai gane ka yi karatu.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar dabba sam, kuma a ganina an raina ta. Bayanan mutane na nan jibge. Cibiyar bayanai ta ADNI tun 2004 take tara hotunan ƙwaƙwalwa da gwajin jini na masu Alzheimer, PPMI na yin irin haka a Parkinson tun 2010, UK Biobank ta Birtaniya na da bayanan mutum wajen 500,000. Nema ake yi a cike fom, wasu kyauta wasu da kuɗi. Steve Horvath da ya fitar da agogonsa na auna shekarun jiki daga DNA a 2013, bayanan da wasu suka riga suka saka a fili ya tattara. Ga wanda ba shi da ɗakin gwaji mai tsada, kwamfuta da intanet da haƙuri sun isa a fara, kuma jiran shekarun da cutar ke ɗauka wasu sun riga sun yi maka shi.

Sai zaɓen malami. Kar sunan jami'a ya ruɗe ka, mutum ɗaya ne zai riƙe rayuwarka shekara huɗu ko biyar. Ka shiga PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, ka duba takardun ɗakin gwajinsa na shekara 5 da suka wuce, ka ga ko ɗalibai ne ke fitowa a suna na farko a jerin marubuta, ka nemi inda tsofaffin ɗalibansa suke yanzu, ka rubuta wa biyu daga cikinsu ka tambaye su gaskiya. Wanda ya riga ya bar wajen ya fi sakin baki. Imel ɗin da za ka tura wa farfesan kuma ya zama gajere, ka ambaci takardarsa guda da ka karanta da tambayar da ta taso maka, ka faɗi abin da hannunka ya iya. Imel ɗin da ka kwafa ka tura wa mutum talatin, daga layin farko ake gane shi. Kuma kar ka ɗauka ɗalibi ɗan aike ne kawai, Carol Greider tana ɗalibar digirin digirgir a ɗakin Elizabeth Blackburn a Berkeley ta gano telomerase, sinadarin da ke gyara ƙarshen zaren gado, a 1984, a wata ƴar halittar ruwa da ba wanda ya damu da ita, a 2009 suka karɓi Nobel tare da Jack Szostak.

Wani abu da ya keɓanta da wannan fannin shi ne ɓangaranci. Tun da ƙungiyar John Hardy ta gano canjin gado a APP, furotin ɗin da amiloid ke fitowa daga gare shi, a 1991, shekara mai zuwa kuma aka fito da ra'ayin cewa amiloid ne tushen Alzheimer, kuɗi da mujallu suka karkata can tsawon shekaru, masu cewa wani furotin mai suna tau ne ko kumburin ƙwaƙwalwa suna ta ƙorafin an danne su. Magunguna suka yi ta faɗuwa, aducanumab ya samu izini a Amurka a 2021 cikin rigima, a 2024 aka daina shi. Lecanemab a 2023 da donanemab a 2024 sun nuna cire amiloid na rage saurin cutar, amma kaɗan, na lecanemab wajen kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga haɗarin kumburi da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Shawarata, kar ka ɗaura aure da ra'ayi ɗaya, ka ƙware a dabarar aiki wadda za ta yi amfani ko wane ɓangare ya yi nasara, kamar nazarin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ko gwajin jini irin na p-tau217, wani nau'in tau, ko aikin microglia, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, da ya bunƙasa bayan gano alaƙar ƙwayar gadon TREM2 da Alzheimer a 2013. Sannan ka adana asalin hotunanka da bayananka kamar ranka. Wata takarda ta 2006 a Nature kan amiloid, wadda aka yi ta ambato dubban lokuta, an janye ta a 2024 saboda an taɓa hotunanta, yanzu akwai mutanen da aikinsu kenan bin hotunan takardu, kuma sunan ɗalibi ma yana cikin waɗanda ke ɓaci.

Bayan digirgir sai fosdok, a nan ne ake rarrabewa. Ka canja waje, in da hali ka canja dabara ko halitta, mai tsutsa ya koyi ɓera, mai ɓera ya koyi ƙwaƙwalwar mutum da ake ajiyewa a bankunan ƙwaƙwalwa. Wuraren da suka tara masu wannan aikin sanannu ne: Cibiyar Buck a Kalifoniya, cibiyar Max Planck ta nazarin tsufa a Kolon, cibiyar DZNE ta cututtukan ƙwaƙwalwa a Jamus, da cibiyar binciken ciwon mantuwa ta Birtaniya da aka kafa a 2017. Ranar farko, tun ana dariya, ka tambayi mai ɗakin wane ɓangare na aikin za ka iya tafiya da shi in za ka buɗe naka. In ya yi ta kwana-kwana, ka ji amsa. Ka kuma nemi kuɗi da sunanka tun da wuri, tallafin Marie Curie ko EMBO a Turai, tallafin K99/R00 a Amurka wanda ba sai ɗan ƙasa ba amma dole ka nema kafin ka wuce shekara 4 a fosdok, ga kuma gidauniyoyi irin su Michael J. Fox da Alzheimer's Association. Masu ɗaukar malamai suna son ganin wani ya taɓa amincewa ya ba ka kuɗi.

In Allah ya sa ka samu kujerarka, aikin ya canja kenan, rabin lokacinka rubutun neman kuɗi ne, sauran koyarwa da sasanta ɗalibai. A Amurka yawanci sai mutum ya haura shekara 40 yake samun R01 ɗinsa na farko, wato babban tallafin binciken lafiya na gwamnati, a Turai kuma tallafin farko na ERC, majalisar bincike ta Turai, yakan kai yuro miliyan 1.5 na shekara 5 amma gasar ba sauƙi. Gaskiyar da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba ita ce mafi yawan masu digirgir ba sa zama farfesa, kujerun ba su kai yawan mutanen ba, kuma fita ba faɗuwa bace, ita kanta Kenyon a 2014 ta koma kamfanin Calico mai binciken tsufa. Kamfanonin magani, masu gudanar da gwajin magani kan marasa lafiya, hukumomin ba da izini, duk suna ɗaukar wanda ya san wannan fannin, don hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kusan miliyan 10 na kamuwa duk shekara.

Wanda kuma ya zauna a jami'a, agogon tabbatar da shi a aiki a Amurka wajen shekara 6 ne, don haka satin da aka ba ka makullin ɗakin gwaji, kafin ma kayan aiki su iso, ka rubuta takardar neman izinin kwamitin kula da dabbobi ka yi odar ɓerayen da za su tsufa, don takardar izinin kaɗai takan ci watanni, ɓerayen kuma sai sun yi wata 18 zuwa 24 kafin a kira su tsofaffi. Kafin su kai, sai ka ciyar da ɗakin da aikin tsutsa, ko ƙwayoyi, ko bayanan ADNI.