Darasi na Tara: Kuɗin Talla a Tasharka ta YouTube

Duk wanda ya saba bin babbar hanya ya ga gidajen da aka fente bangonsu da tallan kamfanin waya ko na sabulu. Abin da ya sa kamfanin ya zaɓi wannan bango shi ne jama'ar da ke wucewa ta gabansa safe da yamma. Gidan da ke can cikin lungu, ko da bene ne, babu mai zuwa neman bangonsa. Talla a intanet ma haka yake tafiya. Mai kaya yana biyan kuɗi ne don idon jama'a, kuma duk wanda ya tara jama'a wuri guda zai iya samun rabonsa.

A wannan darasi za mu karanta yadda mai sana'a zai samu ƙarin kuɗi daga tallan da ake sakawa a bidiyonsa. Za mu kuma yi lissafi, domin a wannan harka wanda bai iya lissafi ba yana iya shekara yana asara da sunan neman kuɗi.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

An kafa YouTube a shekarar 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006. Daga 2007 aka fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo. 'Yan kasuwa su ne ke biyan Google don a nuna hajarsu kafin bidiyo ya fara, ko a tsakiyarsa. A dogon bidiyo, mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan, kamfanin ya riƙe 45. A gajerun bidiyo da ake kira Shorts, rabon masu tasha kashi 45 ne.

Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da ke cikin wannan tsari. Wanda ke wata ƙasar sai ya fara duba ko sunan ƙasarsa yana cikin jerin kafin ya sa rai.

Ƙofar shiga

Buɗe tasha kyauta ne, amma ba a fara raba kuɗin talla da kai sai ka cika sharuɗɗa. Sai tasharka ta samu mabiya 1,000. Sannan jimillar lokacin da mutane suka kalli bidiyonka ta kai awa 4,000 cikin wata 12 da suka wuce. Mai yin gajerun bidiyo yana da wata hanyar: mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Mai asusun karɓar kuɗin kuma dole ya kai shekara 18.

Awa 4,000 tana da sauƙin faɗa. Ɗauko biro mu gani. Awa ɗaya minti 60 ce, saboda haka awa 4,000 minti 240,000 ke nan. A ce kowane mai kallo yana tsayawa minti 4 kafin ya wuce. Raba 240,000 gida 4, za ka samu 60,000. Wato sai an kalli bidiyonka sau 60,000 cikin shekara guda kafin ka isa bakin ƙofa. 'Yan uwa da abokan arziki ba za su iya cika wannan adadi ba, komai son da suke maka. Sai baƙin da ba su san ka ba, waɗanda suka zo neman wani abu suka same shi a wurinka.

Nan ne mai sana'a ya fi wanda ba shi da ita. Ɗauki tela. Ta jingine waya a kan gwangwanin maɓallai, kyamara na kallon teburin yanka. Ta shimfiɗa atamfa, ta ja layi da alli, tana bayani da bakinta: ga inda ake auna kafaɗa, ga yadda ake barin inci ɗaya saboda ɗinki, ga kuskuren da ke sa wuyan riga ya tattare. Ba ta nuna fuskarta ba ma, hannuwanta da almakashi kawai ake gani. Yarinyar da ke koyon ɗinki a Maradi ko a Zangon Kumasi za ta kalla har ƙarshe, gobe ta dawo ta sake kallo, ta tura wa ƙawarta. Irin wannan bidiyo yana shekara uku ana nemansa. Labarin rigimar da aka yi jiya kuwa, jibi an manta da shi. Mai gyaran babur, mai kiwon kaji, mai haɗa turaren wuta, kowa yana da abin da wani ke son ya koya.

Yadda kuɗin ke isowa hannu

Lokacin da kake neman shiga tsarin, za ka haɗa tasharka da asusun AdSense, wanda ta nan Google ke biya. Rubuta sunanka daidai yadda yake a katin shaidarka da kuma asusun banki. Harafi ɗaya ya saɓa, sai a yi ta kai da komo. Idan kuɗinka ya kai dala 10, za a aiko maka da wasiƙa ta gidan waya mai ɗauke da lambar sirri, don a tabbatar da adireshinka. Saboda haka ka ba da adireshin da wasiƙa za ta iya isa. "Bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi" ba zai yi ba. Akwai kuma takardar harajin Amurka da ake cikewa a cikin asusun. Wanda ya ƙi cikewa ana iya yanke masa har kashi 24 cikin 100 na duk abin da ya samu.

Ba a turo kuɗi sai ya kai dala 100. Idan bai kai ba, ana tara shi zuwa wata na gaba. In ya kai, ana biya tsakanin ranar 21 da 26 ga wata. Je bankinka tun da wuri ka tambayi irin asusun da ke karɓar dala.

To nawa ake samu? Babu tsayayyen farashi, kuma duk wanda ya ce maka kallo dubu kuɗi kaza ne, ka yi taka-tsantsan da maganarsa. Masu talla sun fi biya da tsoka don mai kallo da ke Amurka ko Ingila a kan mai kallo da ke Kano, saboda can suke sa ran ciniki mai yawa. Kuɗin yana ƙaruwa a ƙarshen shekara, ya faɗi a watan Janairu. Wani kallon ma ba a nuna talla a cikinsa sam. Ga mai tasha ta Hausa da ta fara tasowa, cika dala 100 na farko yana iya cin watanni. Kada ka rufe shago saboda shi.

Tambayar da ake yawan yi a aji

"Malam, to in na tara yaran gida, kowa da wayarsa, su yi ta danna tallan fa?"

"Baba, wannan ita ce hanya mafi sauri ta rasa komai. Na'urorin Google suna gane dannawar da ta fito daga gida ɗaya. Su cire kuɗin, wani lokaci su rufe asusun gaba ɗaya."

Haka nan ɗora fim ko waƙar wani. Ko dai kuɗin tallan ya tafi wurin mai abin, ko ya kai ƙara a sauke bidiyon. Gargaɗi uku na haƙƙin mallaka suna iya sa a rufe tasha. Akwai kuma masu turo saƙo cewa za su sayar maka da mabiya, ko su buɗe maka hanyar kuɗi idan ka ba su lambar sirrinka. Neman shiga tsarin ba a biyan ko sisi, kuma lambar sirri ba a ba kowa.

Mai talla na kusa

Ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Tun kafin ka cika sharuɗɗan YouTube, mai shagon zare da yadi na unguwarku zai iya biyanka ka ambaci shagonsa. Shi ba ruwansa da awa 4,000. Abin da ya dame shi, masu kallonka su ne masu sayen kayansa. Kuɗinsa naira ne, hannu da hannu, kuma sau da yawa yana riga na Google zuwa.

Sai dai sunanka ne kake jinginarwa. Kada ka tallata abin da ba ka gwada ba. Magani ko abincin gwangwani, duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikinsa, kuma ka guji mai cewa maganinsa yana warkar da kowace cuta. A Najeriya hukumar ARCON ce ke sa ido kan tallace-tallace, har da na intanet. Ka faɗa wa masu kallo cewa talla ne aka biya ka, YouTube ma yana da wurin da ake nuna hakan lokacin ɗora bidiyo. Sannan ku rubuta yarjejeniya, ko da ɗan uwanka ne.

Aikin rubutu

Kwafi wannan a littafinka, ka cike guraben:

Ni ________ na amince zan ambaci shagon ________ a bidiyo guda ____ cikin watan ________. Zai biya ni naira ________. Rabi kafin aiki, rabi ranar ________. Sa hannu ________. Shaida ________.

Aikin lissafi

1. Masu talla sun biya dala 60 a kan dogon bidiyonka. Nawa ne kashi 55 cikin 100 na wannan kuɗi?

2. A ce wata tela tana samun dala 8 kowane wata. A wata na nawa kuɗinta zai kai a turo mata?

3. A ce tana sayen data ta naira 6,000 da cajin waya na naira 1,500 duk wata. Nawa ta kashe kafin a biya ta na farko? Tambayi canjin dala na yau, ka faɗa wa aji ko ta ci riba.

4. Rubuta abubuwa uku a sana'arka da mutane suka fi tambayarka yadda ake yi. Kawo su aji mako mai zuwa.