Yadda za ka gwada juriyar gishiri ta irin shinkafa a cikin kwalba

Toh, wannan bayanin na ɗalibai ne masu furojet a ɓangaren kimiyyar tsirrai ko aikin gona, da duk mai son sanin wane irin shinkafa ne zai iya da ƙasa mai gishiri. Yawancin shinkafa ba ta da haƙurin gishiri sosai, da ma'aunin gishirin ƙasa ya haura 3 dS/m ta fara ja da baya, kuma lissafin Maas da Hoffman na 1977 ya nuna duk ƙarin 1 dS/m yana cinye kusan kashi 12 cikin 100 na amfanin. Matsalar gwaji a gona ita ce gishirin ba ya zama daidai, wannan kwamin da yawa wancan kaɗan, ga zafi ga tsuntsu, ba ka san wa ya kashe shukar ba. A tishu kolca kuwa, wato rainon tsokar shuka a cikin kwalba ko faranti a lab, kai ke auna gishirin da hannunka, komai sauran iri ɗaya ne.

Kafin ka taɓa kwalba ka nemi irin da za ka auna naka da su. Nan mutane da yawa ke sakaci wallahi, sai ka ga an kwaso iri huɗu na gida an zuba musu gishiri an ce wannan ya fi juriya, to ya fi wa? Dole ka sa wanda duniya ta san yana jurewa, kamar Pokkali ta Kerala a Indiya, ko Nona Bokra, ko FL478 da cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ta fitar daga haɗin Pokkali da IR29, sannan ka sa wanda aka san rago ne, wato ita IR29 ɗin kanta. Sai naka su shiga tsakani, FARO 44 da manoma ke ce wa Sipi, FARO 52, ko Gambiyaka in kana Nijar. Ka nemi iri mai tsabta daga cibiyar bincike irin ta Badeggi, kar ka ɗebo shanshera a kasuwa don a gauraye take.

Ka ɓare ƙwayar da hannu ɗaya bayan ɗaya, a hankali kar ka ji wa idon ciwo, wannan ɗan farin wurin na gefe guda, daga nan komai zai fito. Wadda ta karye ko ta yi baƙi jefar. Sai wanki: etanol 70% na minti 1, ka tsiyaye, ka zuba ruwan Hypo ko Jik da ka sirka ya dawo wajen 2% zuwa 2.5%, duba jikin robar ka ga ƙarfinsa kafin ka sirka, ka ɗiga Tween 20, wani sabulun ruwa na lab, ɗigo ɗaya ka riƙa girgizawa na minti 20. Ɗauraya da ruwan distil da aka dafa a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, sau 4 ko 5, sannan ka baza su kan takardar tacewa mai tsabta su sha iska a cikin lamina, wato akwatin aiki mai busa iska tatacciya. Wasu tsofaffin takardu za su ce ka yi amfani da makuri kulorayid 0.1%, ni dai ban ba da shawara ba, guba ce mai tsanani kuma ba ka da inda za ka zubar da ruwan.

Abincin da za su zauna a kai shi ne MS, wanda Murashige da Skoog suka haɗa a 1962, ko N6 da aka fitar a Sin a 1975 don shinkafa. A lita 1: garin MS giram 4.4, sukari giram 30, sinadarin 2,4-D miligiram 2, ka daidaita pH ya tsaya 5.8, sannan aga, garin da ke daskarar da abincin, giram 8. Dafa a 121°C na minti 15 zuwa 20, in babu otokilef tukunyar furesha tana yi. Shi 2,4-D ɗin shi ne ke hana ƙwayar zama shuka, ya sa ta riƙa tara dunƙulen tsoka marar saiwa marar ganye, abin da ake kira kalos. Jera ƙwaya 10 a faranti, idon yana kallon sama, ka naɗe bakin da farafim, ledar liƙe faranti, ka ajiye a duhu tsakanin 25 zuwa 28°C. Zafin nan ka kula da shi sosai, ɗakin da ake ɗauke wa wuta a watan Afrilu zai dafa maka aikin gaba ɗaya.

Kwana 3 zuwa 5 na farko ka riƙa leƙawa, duk farantin da ka ga funfuna ta hau ko wani ruwa mai yauƙi ya kewaye ƙwaya fitar da shi, kar ma ka buɗe shi a lamina. Cikin sati 3 zuwa 4 kalos zai taru. Kuma ba kowanne ake ɗauka ba, ka sa ido da kyau: mai kyau yana da launin madara zuwa rawaya-rawaya, a bushe, da ƙananan ƙuraje kamar dambu, in ka taɓa shi da hantsaki sai ya wargaje. Wanda ya yi laushi da ruwa-ruwa ko ya fara ƙasa-ƙasa ba zai haifar maka da shuka ba. Yanke tsiron da ragowar ƙwayar, ka mayar da mai kyau kan sabon abinci na sati 2 ya ƙara yawa.

Yanzu gishiri. Nauyin NaCl giram 58.44 ne a mol ɗaya, kenan 50 mM, wato milimol 50 a lita, giram 2.92 ne a lita, 100 mM giram 5.84, 150 mM giram 8.77, 200 mM giram 11.69, kuma 100 mM ɗin yana kusa da 10 dS/m. Zuba shi cikin abincin kafin ka daidaita pH. Kar ka manta da farantin da ba gishiri sam, shi ne ma'auninka. Kowane gutsure ya zama nauyinsu ɗaya, misali miligiram 100, ka auna a cikin faranti mai tsabta a rufe, kowane iri a kowane mataki faranti 4 aƙalla, kuma ka cakuɗa wurin zamansu a kan shelf. In so kake ka kwatanta iri da iri kawai, ɗora su kai tsaye a kan gishirin na sati 4. In kuma so kake ka tsamo ƙwayoyin da suka jure ka raine su, to hawa za ka yi a hankali, 50 sannan 100 sannan 150, kana ɗauke masu rai kaɗai duk sati 3.

Abin da za ka auna: nawa suka rayu nawa suka yi baƙi, da girma, wato nauyin ƙarshe a cire na farko a raba da na farko. Amma kar ka kwatanta girman Pokkali da na Sipi kai tsaye, kowanne ka auna shi da ɗan'uwansa da bai sha gishiri ba, don wani irin dama can kalos ɗinsa ba ya saurin girma, musamman dangin indika. Busar da wasu a 70°C na awa 48 ka samu busasshen nauyi, a kansu za ka auna sodiyam da fotasiyam da na'urar harshen wuta, amma ka ɗauraye su tukuna in ba haka ba gishirin agan da ya manne za ka auna. Furolin kuma, sinadarin da shuka ke tarawa in ta shiga matsi, ana bin hanyar Bates ta 1973, a karanta a 520 nm. Kowa na son saka furolin a furojet ɗinsa yana cewa wanda ya fi tarawa ya fi juriya, alhali a shinkafa an sha ganin wanda ya fi jigata shi ne ya fi tarawa, don haka kar ka yanke hukunci da shi kaɗai.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Kalos ba shi da saiwa, ba shi da jijiya, ba ya fitar da ruwa ta ganye. Ita kuwa juriyar su Pokkali da Nona Bokra yawancinta a saiwa take, akwai ƙwayar gado a kuromozom na 1, yankin da ake kira Saltol, wadda ke janye sodiyam daga hanyar ruwa kafin ya hau ya ƙone ganye. Wannan aikin ba za ka gan shi a dunƙulen tsoka ba. Shi ya sa za ka iya ganin Pokkali ta yi tsaka-tsaki a faranti kai kuma ka zaci aikinka ne ya lalace, ko ka ga wani iri ya yi fice a kwalba a kai shi gona ya mutu. Abin da kalos ke gaya maka shi ne yadda ƙwayoyin jikin shukar ke jure gishirin da ya riga ya shiga, wannan ma ilimi ne mai amfani, amma ka rubuta shi da sunansa.

Don haka sai ka mayar da waɗanda suka rayu shuka. Cire 2,4-D, ka sa sinadaran da ke sa tsiro, BAP miligiram 2 zuwa 3 da NAA 0.5 a lita, haske awa 16 a rana, koren ɗigo zai fara bayyana sannan tsiro. Kalos ɗin da ya daɗe a gishiri yana yawan ƙin tsirowa, kar ka wuce wata 3 kana juya shi. In sun yi saiwa a rabin ƙarfin MS ka wanke agan, ka dasa a tukwane ka rufa musu leda na sati ɗaya su saba da iska. 'Ya'yan da suka haifa su za ka gwada, a ruwan Yoshida, ruwan abincin da ake rainon shinkafa a ciki, mai gishiri 12 dS/m irin yadda IRRI ke yi, ka ba su maki daga 1 zuwa 9, don wani kalos ɗin sabo kawai ya yi da gishiri ba gado ba ne.

Sannan in ƙasar da kake nufi da aikin mai kanwa ce, kai samfurinta lab a auna pH da EC, wato yawan gishirinta, tun farko, domin kanwa tana ɗaga pH ne ta toshe ƙasa, NaCl kaɗai ba zai nuna maka wannan ba, sai ka ƙara wani sahun faranti mai sodiyam bayikabonet.