Ga Sakkwatawan da ke son sa yara a sakandaren Katolika a Ingila

Da Oktoba ta kama, tambayar da sababbin zuwa suka fi yi mini ita ce: "Malam, makarantar Katolika ce ta fi kyau a unguwarmu, ya kake gani in sa yarona?" Galibinsu ma'aikatan lafiya ne da suka taso daga Sakkwato da iyalinsu. Duk hankalinsu yana kan darasin addini, alhali ba can tuntuɓen yake ba.

Neman gurbin kansa ba wuya. Yaro yana shiga sakandare yana ɗan shekara 11. Ana cike fom a shafin ƙaramar hukumar da kake zaune kafin 31 ga Oktoba, sakamako ya fito farkon Maris. Yawancin makarantun Katolika gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu, ba ka biyan ko sisi.

Takardu su ne ke kayar da mutanenmu. Ban da fom ɗin ƙaramar hukuma, akwai na biyu, na makarantar kanta, wanda ake kira SIF, kuma ofishin makarantar ake kai shi. Wanda bai kai ba, ɗansa yana komawa can ƙasan jerin, ko da gidansu na kallon ƙofar makarantar. In masu nema sun fi gurabe yawa, 'ya'yan Katolika da aka yi wa baftisma ake fara ɗauka. Don haka 'yan uwanmu Kiristoci, ku karɓi takardar baftismar yaro a cocinku tun kuna Sakkwato. Kada ku bari sai kun iso ku fara roƙon wani ya je ya nemo muku a rajista, ga lokaci na ƙurewa. Wasu makarantun kuma suna neman sa hannun fada cewa iyalin suna zuwa coci. Musulmi kuwa, akwai makarantun da suka ware matsayi ga 'ya'yan sauran addinai, amma sai da wasiƙar liman. Limamin da bai taɓa ganinka a sahu ba, yaya zai yi maka shaida? Ka fara zuwa masallacin unguwa tun makon da ka sauka.

Sai maganar adireshi, wadda har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Shekarar da muka iso, ɗaki biyu muka kama a gidan wani mutum. Da aka nemi yarjejeniyar haya da takardar harajin gida da sunana, sai ya ce shi ba ya ba da takarda. Ashe shi ma ɗan haya ne, yana ba da hayar a ɓoye. 'Yata ta zauna gida tana leƙen yara ta taga suna wucewa da kayan makaranta, har sai da muka tashi. Yanzu ina ganin mutum ya ba da kuɗin haya hannu da hannu, ba rasit, ba yarjejeniya, don wai mai gidan ɗan Najeriya ne. Haba! Wani kuma ya ari adireshin aboki don ya matso kusa da makaranta. In aka gano, ana iya ƙwace gurbin ko bayan an ba da shi.

Game da darasin addini, ka shiga da idonka buɗe. Bishop-bishop na Ingila da Wales sun ƙayyade cewa kashi 10 cikin 100 na lokacin karatu na darasin addini ne har yaro ya kai shekara 16, kuma galibi kowa yana rubuta jarrabawar GCSE, wadda yara ke yi suna shekara 16, a kansa. Ana koyar da aƙidar Katolika: Triniti, sakramenti bakwai, Littafi Mai Tsarki. Tun 2016 addini na biyu da bishop-bishop suka zaɓa a koyar don jarrabawar, ban da na Katolika, shi ne Yahudanci. A jarrabawa ana so yaro ya bayyana abin da 'yan Katolika suka yi imani da shi, ya kawo hujjar ɓangarori biyu. Ba a ce ya yi imani ba. A wurin addu'ar coci kuma, wanda ba ɗan Katolika ba ba ya karɓar gurasar tarayya, yana zaune a kujerarsa.

Doka ta ba ka damar cire ɗanka daga darasin da kuma addu'ar safe. Ni dai ban ba da shawarar gaggawa ba, don kai ka zaɓi makarantar da sanin abin da take. Mu jikokin Shehu Usmanu da Nana Asma'u ba a san mu da gudun karatu ba, kuma yaranmu da ke zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi suna yin fice a wannan darasi, abin alfahari. Amma yaron da aka bari ba Islamiyya, ba mai tambayarsa me aka koya masa yau, shi ne abin tsoro. Ka buɗe littafinsa da daddare, ka faɗa masa abin da Musulunci ya ce kan Annabi Isa, Alaihis Salam, da mahaifiyarsa Maryam.

Ranar da aka buɗe makaranta don iyaye su zagaya, Hajiya, ki tambaya da bakinki: an yarda da hijabi cikin kayan makaranta? Akwai abincin halal? Ina yara za su yi sallar Azahar? A hunturu kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, kuma kowace makaranta da tsarinta, don haka a nemi amsar a rubuce.