Masai na zama yana girgiɗi? Ɗaga shi ka ga abin da ke ƙarƙashinsa

Idan ka zauna a kan masai ka ji yana motsi, kada ka ɗauko sifana ka hau ɗaure notin da ke gefensa da ƙarfi. Abin da yawancin masu gida ke fara yi ke nan, kuma shi ne ke fasa tangaran. Wasu kuma sai su kwaɓa siminti su zagaye gindin. Motsin zai lafa na ɗan lokaci, amma ɓarnar tana can ƙasa tana ci. Ni dai a sana'ata ta aikin famfo, masai mai girgiɗi ɗaga shi nake yi in gani da idona, don kamar haƙori yake: in ya fara motsi, matsalar daga tushe take.

Irin masan da nake nufi shi ne wanda ƙazantarsa ke sauka kai tsaye cikin bututun da ke daɓe, tsarin da aka fi amfani da shi a Amurka da Kanada, wanda kuma akan tarar a wasu gidajenmu da aka yi wa kayan banɗaki irin na can. A bakin bututun, mai faɗin inci 3 ko 4, akwai wani zobe mai faɗi da ake kira falanji, na roba mai tauri ko na ƙarfe. An ɗaure shi a daɓe da sukurori, kuma yana da tsaga a gefe biyu inda kawunan wasu dogayen kusoshi guda biyu ke maƙalewa. Waɗannan kusoshin su ne ke ɓullowa ta gindin masai a sa musu noti. Tsakanin zoben da masai kuma akwai wani zoben na kaki, wato abu mai laushi irin kakin zuma, shi ke toshe hanya kada ruwa ko wari su fito. Kakin nan ba ya komawa yadda yake in an matse shi. Duk motsin da masai ya yi, yana buɗe masa kafa, ƙazamin ruwa ya riƙa tsattsafowa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, mu da buta muke tsarki, banɗakinmu kusan kullum a jiƙe yake, don haka ba a saurin gane yoyon. Mutum ya taka ruwan da ya ɗauka na wanka ne, alhali najasa ce. In gidan bene ne kuwa, sai an ga tabo a silin ɗin ƙasa.

Kafin ka kwance komai, cire murafun robar da ke rufe notin, ka ɗan juya kowanne a hankali. In ya kama ya tsaya kuma motsin ya daina, ka huta. In kuwa kusar tana juyawa tare da notin, ko tana biyo shi sama ba ta kamawa, to da alama tsagar falanjin ta karye ko tsatsa ta cinye ta. Sai ɗagawa.

Rufe famfon da ke kai ruwa tanki, ka kora ruwan da ke ciki, sauran da ya rage a tankin da cikin kwanon ka tsane shi da soso a bokiti. Sa safar hannu ta roba. Kwance tiyon ruwan, sannan notin biyu. In tsatsa ta kama su, kada ka yi ta kokawa da su, yanke kusoshin da ƙaramin zarton ƙarfe, tunda dama sababbi za ka sa. In an taɓa zagaye gindin da silikon, bi shi da wuƙa. In siminti ne, sai haƙuri: ƙaramar kurfi da guduma, kana saran simintin kana nisantar tangaran. Nemi mutum ɗaya ya kama maka, domin masai da tankinsa yakan kai kilo 30 zuwa 45. Ku ɗaga shi sama sak, ku kwantar da shi a kan kwali ko tsohon buhu. Nan take ka cusa babban tsumma a bakin bututun. Iskar da ke tasowa daga sokawe ba wari kaɗai ba ce, tana da illa ga mai shaƙa, kuma tsumman zai hana noti ko sukuru faɗawa ciki. Ka dai tuna ka cire shi kafin ka mayar da masai.

Kankare tsohon kakin tas, na jikin zoben da na gindin masai, ka goge wurin ya bushe. Yanzu ne aikin gaske, a nan nake so ka natsu ka duba abu uku.

Na farko, shi kansa zoben. In gefen tsagar kaɗai ya karye amma jikin da ke haɗe da bututu lafiya yake, ba sai ka fasa daɓe ba. Ana sayar da zoben gyara na ƙarfe marar tsatsa, wani cikakken da'ira, wani rabi kamar jinjirin wata. Cikakken nake zaɓa duk lokacin da na samu, domin gefen da bai karye ba yau shi ma ya ci shekarun da ɗan'uwansa ya ci. Za ka shafa silikon a kan tsohon, ka ɗora sabon, ka daidaita shi yadda kusoshin biyu za su tsaya ɗaya a dama ɗaya a hagu, nisansu da bangon baya iri ɗaya. Yawanci inci 12 ne daga bango zuwa tsakiyar bututu, amma akwai na 10 da na 14, don haka ka auna naka. Sai ka huda daɓen da injin huda kankare, ka sa fisha (robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama), ka ɗaure da sukurori marasa tsatsa. Kowane rami a zoben ka sa masa sukurunsa. Zoben da aka riƙe da sukuru biyu kacal, komawa motsi zai yi.

In kuwa tsagewar ta gangara har cikin wuyan da ke shiga bututu, zoben gyara ba zai yi maganinta ba, sai an canza falanjin gaba ɗaya. Na roba ana yanke shi daga ciki a sa sabo da gam ɗin PVC, ko a sa irin wanda ke shiga cikin bututun ya matse kansa da roba. Na tsohon ƙarfen zubi kuwa, shawarata ka kira mai sana'a, don in ka fasa bututun a cikin kankare aikin ya ninka.

Na biyu, tsayinsa. Falanji ya kamata ya zauna a kan tayil, samansa ya ɗara daɓe da kamar kwatan inci. Sau da yawa ana ɗora sabon tayil a kan tsoho sai zoben ya nutse, kakin ya kasa kaiwa gindin masai. Maganinsa zoben ƙarin tsayi da ake ɗorawa da silikon da dogayen sukurori. Ba na son jera kaki biyu, domin yakan goce ya faɗa cikin bututu. In kuma zoben ya yi tsayi da yawa, masai a kansa zai hau ya riƙa lilo, komai ɗaurin da ka yi masa.

Na uku, daɓen. Ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kewaye. In ka ji ƙarar rami, ko simintin yana marmashewa, cire shi ka cike da sabon siminti, ka bar shi ya yi ƙwari sosai kafin ka huda. In daɓen katako ne, soka sukuduraba ka gani. Wanda ya ruɓe sai an yanke an canza, don sukuru ba ya kama ruɓaɓɓen katako.

Wajen mayarwa, sayi kusoshin tagulla ko na ƙarfe marar tsatsa, domin na baƙin ƙarfe ba sa jure jiƙar banɗakinmu. Tsayar da su a tsagar, ka riƙe kowacce da wosha da noti a jikin zoben don kada su kwanta. Kafin ka sa kaki, fara ɗora masai ɗin haka nan ka gwada. In yana motsi, daɓen ne bai daidaita ba, sai ka tura ƙananan weji na roba a inda ke da gibi, ka yi wa wurin alama. Kada ka sa katako ko kwali, ruwa zai cinye su. Ɗaga shi, cire tsumman, ɗora sabon kaki. Tsohon ba a mayar da shi ko da ya yi kama da lafiyayye. In ka samu irin na roba da ba kaki, ya fi sauƙi ga wanda bai saba ba, domin ana iya ɗagawa a sake saitawa.

Ku sauke masai ɗin sak a kan kusoshin, ka danna shi da nauyin jikinka har gindinsa ya taɓa daɓe, ba tare da jujjuya shi ba. Sa wosha da noti, ka riƙa ɗaurewa kaɗan a dama kaɗan a hagu. Da zarar ka ji ya kama kuma motsi ya tsaya, dakata. Yanke abin da ya yi saura na kusoshin da na wejin, mayar da murafun, haɗa tiyo, buɗe ruwa. Goge daɓen ya bushe, shimfiɗa takarda a kewayen gindin, ka kora ruwa sau da yawa kana duba ko za ta jiƙe.

In naka irin wanda aka fi samu a kasuwanninmu ne, mai haɗuwa da bututu ta wuyan roba kuma an ɗaure shi a daɓe kai tsaye, ba shi da falanji, amma hanyar ɗaya ce: ɗaga shi, canza wuyan robar, cike tsofaffin ramukan da suka buɗe, ka sa sabon fisha da sukurori marasa tsatsa.

Daga ƙarshe ka zagaye gindin da silikon don ruwan wanka ya daina shiga ƙarƙashi, amma ka bar ɗan gibi kamar faɗin yatsu biyu ta baya, inda yoyo zai nuna kansa in ya taso. Ka hana kowa jiƙa wurin har kwana ɗaya, silikon ɗin ya bushe.